Barewar Inna Dije

Ban taɓa mantawa da ranar da muka je karɓo barewar Inna Dije ba. Lokacin ina ƙaramin ma'aikacin gandun daji a Mayahi, shekarata biyu da sa kaki.

Doka ta hana ajiye naman daji a gida. In mun samu labari, mukan rubuta rapor, wato rahoto, mu karɓo shi, a kai gidan namun daji. Inna Dije tsohuwar Bafulatana ce a wata ruga kusa da Gidan Amumune. Ta tsinci 'yar barewa marainiya, ta rene ta da nonon akuya har ta girma tana bin garke.

Ana haka sai ga wasu masu fim daga Yamai, wai suna son nuna yadda ake ceton dabba. Shef, shugabanmu, ya ce mani, "Isufu, kai za ka raka su ku karɓo barewar. Abin da suka ce, ka yi."

Mun isa da hantsi. Tsohuwa ba ta yi gardama ba. Ta dai kwance ɗankwalinta ta ba ni, ta ce, "Ɗana, rufe mata ido, ka ɗauke ta sau ɗaya. Barewa ba akuya ba ce, zuciyarta ba ta jure kamu biyu."

Na rufe, na ɗauka, na sa ta a bayan mota lafiya lau. Sai babban mai fim ɗin ya ce rana ta ɓata hoton, a sake. Kuma a cire ɗankwalin, masu kallo ido suke son gani. Bayan nan ya ce a bar ta ta ɗan yi gudu mu kamo, zai fi daɗin kallo. Tsohuwa ta ce, "Ɗana, ya isa." Wallahi na san gaskiyarta ce, amma tsoron kada a kai ƙarata wurin shef ya rufe mani baki.

Sau uku muka kama ta. A na ukun tana haki, ƙafafu na rawa, shi kau gogan sai murna yake.

Ba mu ko hau babbar hanya ba barewar ta cika a cinyata. Na sa shofer ya juya motar, ana ta yi mani faɗa kan esansi, wai za a ɓata mai. Da na sauke ta, Inna Dije ta shafa wuyanta, ta ce, "Sau nawa na ce maka ka ɗauke ta?"

"Sau ɗaya, Inna."

"To."

Ba ta ƙara ba, kuma har yau nakan ce da ma zagina ta yi.

Fim ya fito, na gani a tele. Ya ƙare da motarmu tana barin ruga, ana cewa barewa ta samu sabuwar rayuwa.

Ku da kuka zo bayanmu, doka tana buro, wato ofis, amma sanin dabba yana wurin wanda ya rene ta. In ya yi magana, ku saurara, ko wa ke tsaye a kanku. Mai kamara yana iya cewa a sake, rai kuwa ba a sake shi.