Tasi'u Mai Feshi da Ƙwaron da Ya Ƙi Mutuwa

A fadamar Auyo ba wanda bai san Tasi'u mai feshi ba, amma masu son sa ba su da yawa. Mutum ne mai zafin rai, ga baƙar magana. Tun yana saurayi yake goya tankin feshi, har igiyar ta yi masa kanta a kafaɗu. Manoma suna haƙuri da halinsa ne kawai don in ya ratsa gonar shinkafa, ƙwaro ba ya saura.

Sai wata damina magani ya daina ci. Ya fesa gonar maƙwabcinsa Shu'ibu da safe, kafin la'asar ƙwarin da ke tsotse nonon shinkafa suna nan daram a kan zangarniya. Shu'ibu ya tare shi a bakin kasuwa.

"Ruwa ka watsa mana, macuci!"

Tasi'u ya ci kwalarsa, da ƙyar aka raba su. Daga ranar aka laƙaba masa Mai Ruwa, sunan da ya tsana fiye da zagi.

Ana cikin haka Mardiyya, 'yar ƙanwarsa da ke bincike kan ƙwari a jami'a, ta zo ta kwashi ƙwarin a kwalabe ta tafi. Bayan girbi ta dawo da murnarta.

"Kawu, ba algus ka yi ba. A hanjin ƙwaron akwai wasu 'yan halittu da ido ba ya gani, bakteriya, su ke narkar da gubar kafin ta kashe shi. Kuma ba gadon wannan dabara suka yi ba. A wurin bakteriyar ƙasa suka karɓi ƙwayar halin, suka haɗa da nasu, suna miƙa wa juna."

"Su na ƙasar, uban wa ya koya musu?"

"Shekarun da aka yi ana fesa magani iri ɗaya. Masu iya narkar da shi ne suka rayu, suka yaɗu."

Tasi'u ya miƙe. "Wato ni na yi kiwon su ke nan? Shu'ibu ya kira ni macuci, ke kuma kin zo da turancinki ki ce ni na kawo annoba. Fitar min daga gida!"

Ta roƙe shi ya bari ta yi wa manoma bayani. Ya rantse in ta buɗe baki, ba shi ba uwarta. Ta yi bayanin duk da haka. Wasu suka wanke shi, wasu suka ce ai dama shi ya lalata fadamar.

Bai sake goya tanki ba. Yanzu fito yake yi da kwalekwale a kogin Haɗeja, yana hantarar fasinja. Ranar bikin Mardiyya uwarta ta aika masa har gida, ya ce a gaya musu yana kan ruwa.