Shekara Biyu Ina Jan Igwar Fasa Ganuwa

Edita, wani ɗan garinmu ne ya mayar da ni abin dariya a gaban Turawa har shekara biyu, ni kuwa ina ta yi masa godiya. Ba zan faɗi sunansa ba, ya san kansa. A lokacin ina fentin mota a wani gareji a Gaithersburg. Karatuna a aji huɗu na firamare ya tsaya. Turancin baki ina yi daidai gwargwado, amma idan aka miƙo min takarda mai ƙananan rubutu sai in kasa karantawa. Wannan sirrin shi kaɗai na taɓa faɗa wa.

Injiniya ne, gidansa a Bowie. Ya kawo mota na gyara masa ƙarzuwa, ya ga hannuna, sai ya kawo min wasu 'yan sojojin dalma, kowanne bai kai ɗan yatsa ba, wai in yi musu fenti. Daga nan ya fara ɗaukata duk Asabar zuwa bayan wani kanti inda dattawa suke yaƙi a kan tebur. Ana shimfiɗa koren ƙyalle, a jera duwatsu da itatuwan roba, a auna tafiyar soja da tef, a jefa ƙwayar ludo. Da farko na ce manyan banza ne. Wata uku sai ga ni ina mafarkin abin.

Da na tashi haɗa rundunata sai maganar igwa ta taso. Littafin dokokin ya yi kaurin bulo, na miƙa masa ya karanta min. Ya ce dokar ta nuna babbar igwa ita ce komai, ƙananan nan da dawaki ke ja da gudu na masu koyo ne. Na zaɓi manya guda uku, na yi sati biyar ina fentinsu, har tsatsar ƙafa da zanen katako sai da na fitar. Aka fara wasa. Kafin igwogina su ja jiki su hau tudu, nasa ƙananan sun zagayo sun share min sojoji. Kowace Asabar haka. In na yi ƙorafi a mota sai ya ce sa'a ce ban da ita, in ƙara haƙuri. Ina ganin Turawan suna murmushi idan na buɗe akwatina, na ɗauka fentin ne ya burge su.

Da ya tafi Umara na je ni kaɗai. Wani tsoho mai sandar ƙarfe ya zauna kusa da ni, ya tambaye ni a hankali me ya sa na nace wa igwar fasa ganuwa, alhali babu ganuwa ko ɗaya a teburin. Ya buɗe littafin, ya karanta min shafin da yatsa. Manyan suna cinye rabin abin da aka yarda mutum ya kawo fili, kuma da ƙyar suke motsi. Ya ce tun farko sun so su gaya min, abokina ya hana, wai a garinmu mutum irina ba a yi masa gyara, kuma ni dai babban abu nake so ko ba shi da amfani.

Laifina na sani. Kunya ce ta hana ni tambayar kowa, don kada a gane ban iya karatu ba, kuma don kada ɗan gida ya ga kamar ban yarda da shi ba. Duk wanda yake irin halina a ƙasar nan, takardar aiki ce ko ta asibiti ko ta wasa, ya sa mutum biyu su karanta masa. Kunyar minti ɗaya ce.

Da Injiniyan ya dawo daga Umara na kai masa sauran sojojinsa har gida, rabi ba fenti. Ya yi dariya, ya ce haba Malam, ai wasa ne kawai. Na ajiye akwatin a bakin ƙofa, ban cire takalmi ba.

Na ce, "Injiniya, cin da ka yi min a tebur na yafe. Amma ni idona na ba ka ka duba min, ka duba ka faɗa min ƙarya. Wannan ba wasa ba ne."