Kwalin da Inna ta wanke

Shagon da ke jikin katangar gidanmu a Gwarzo ya daɗe a rufe, tun da telan da ke ciki ya koma Kabo. Ina aji biyu na ƙaramar sakandare aka fara gyara shi. Kullum in na dawo daga makaranta sai na tarar an ƙara wani abu. Aka yi jan fenti, aka shimfiɗa tayil, aka sa ƙofar gilashi mai duhu wadda kana ganin kanka a jikinta amma ba ka ganin na ciki. Daga ƙarshe aka kafa allo mai hoton wani abu kamar faifai, an yanka shi gida-gida. Aka ce abinci ne, sunansa fiza.

Abin da ya fara damun mutanen layinmu shi ne babu hayaƙi. Duk mai sayar da abinci a titin nan a fili yake yi. Mai tsire kana ganin naman da ya tsire, mai ƙosai kana ganin ƙullunta da kaskonta, mai shayi a gabanka yake fasa ƙwai. Wannan shago kuwa ƙamshi yana fitowa, amma ba wanda ya ga itace ko gawayi ya shiga.

Baba yana zama da abokansa a benci a ƙofar gida bayan la'asar. Ni ba mai magana ba ce, ko a aji malamai sun gaji da ce mini in ɗaga murya, amma ina da kunne. Daga soro nake jin su.

"Abincin da aka dafa ba wuta, Malam, me za ka kira shi?"

"Gas ne, an ce."

"To ina tukunyar gas ɗin? Ka gan ta da idonka?"

"Ni jajayen nan da ke jikin hoton nake tambaya," in ji Baba. "Naman wace dabba ce take zuwa a zagaye kamar kwabo?"

Mai shagon mace ce. An ce asalin iyayenta 'yan Gammo ne, amma a Legas ta girma, mijinta ya rasu ta dawo gida. Tana gaida mutane, sai dai gaisuwarta gajera ce. Tana cewa "ina kwana" sai ta wuce, ba ta tambayi gajiya ba, ba ta tambayi yara ba. Wannan ma an lissafa mata shi.

Ranar wata Alhamis da yamma ta aika wa kowane gida na layin da kwali ɗaya, kyautar buɗe shago. Namu ni na karɓa. Da ɗuminsa, ƙasan ya yi tabon mai. Inna ta ɗaga murfin da yatsa ɗaya, muka leƙa. Yanka takwas ne, da albasa da tattasai da jajayen nan, da wani farin abu da ya narke a kai. Ta ja yanka ɗaya, farin abun ya biyo shi yana yauƙi, ya ƙi tsinkewa. Ta sake shi da sauri, ta rufe, ta ɗora kwalin a saman kwabet, ta wanke hannu.

Kafin magariba Hajiya ta gidan da ke tsallaken titi ta shigo da nata kwalin a hannu. Hajiya ita ce babba a matan layin, kuma Asabar ɗin da ta wuce 'yarta ta haihu, wannan Asabar za a yi suna a gidanta.

"Kin ga abin? Kin ja kin gani?" in ji ta. "Leda ce aka narkar. Wallahi roba ce. Kuma naman nan ba wanda ya san inda aka yanka shi."

"Allah masani, Hajiya."

"Mun gama magana da sauran. Gobe bayan an sauko daga masallaci kowa zai mayar mata da abinta yadda ya zo. In ta ga kwalaye a ƙofarta za ta gane ba a so. Ke ce kusa da ita, naki za a fara gani."

Inna ta gyara ɗaurin ɗankwalinta.

"Mayar da abinci, Hajiya? Ko maƙiyi ban taɓa yi wa ba. Katanga ɗaya ce tsakaninmu."

"To ki ci. Amma hannun da ya ci wancan ba zai taɓa mini tukunyar suna ba, kin ji na gaya miki."

Na san nauyin wannan maganar. Duk biki ko suna da za a yi a layinmu, Inna ake aika wa tun da sassafe. Ita ke tsayawa a kan babbar tukunyar shinkafa, ita ke cewa gishiri ya ji ko bai ji ba. Ba biyanta ake yi ba. Amma in ta dawo da yamma, idonta ja saboda hayaƙi, takan yi kwana biyu tana ba da labarin tukunyar.

A wurinmu in an aiko maka da abinci akwai abin da ake yi. Za ka ci, ka wanke kwanon, ka sa wani abu a ciki ko da ƙwai biyu ne, ka mayar, ka ce an gode ya yi daɗi. Inna kuma ba ta cewa abu ya yi daɗi in ba ta ɗanɗana ba. Zubarwa ba ta cikin lissafi. Da Baba ya shigo ta gaya masa, ya ce ai abin mai sauƙi ne, a je a tambayi matar me ta zuba a ciki.

"In tambayi wadda ta yi mini kyauta me ta sa a ciki?" in ji Inna. "Ai gara in ce mata ina zargin za ta ba ni guba."

Baba ya ce shi dai ba ruwansa, abin bai kwanta masa ba tun farko.

Da safe ina gida, da yake muna hutun makaranta. Bayan Baba ya fita, Inna ta sauko da kwalin. Da ta buɗe na lura yanka ɗaya ya rasa tsininsa. An gutsire shi da hannu, wurin ya yi daidai da faɗin babban yatsan namiji. Na dubi Inna, ita ma ta gani.

Ta ɓalli ɗan farin abun, wanda yanzu ya daskare, ta ɗora a kan garwashi. Muka durƙusa muna shinshina. Ya narke, ya yi kumfa, ya ƙone. Ba warin leda ya yi ba, ya fi kama da ƙanzon madara. Inna ta ce wannan bai isa shaida ba, masu yin irin wannan abu sun fi mu wayo. Ta jefa wa kaza ɗan jan naman. Kazar ta cinye ta tsaya jiran ƙari. Inna ta ce kaza ai har ƙadangare tana ci.

Ta zauna a kan turmi ta daɗe. Can ta miƙe ta juye fizar a samira ta rufe. Sai ta ɗauki kwalin ta nufi wurin wanke-wanke.

"Inna, kwali ne fa," na ce a hankali.

"Da tabon mai zan mayar wa mutane da mazubinsu?"

Ta sa soso da sabulu. Kwalin ya sha ruwa ya yi laushi, hoton da ke murfin ya fara saluɓewa yana bin sosan. Ta ɗauraye shi a hankali kamar mai wankan jariri, ta ɗora a kan rufin kwanon kicin, ta danne da dutse. Kafin azahar ya bushe, amma ya karkace, murfin ya ƙi zama. Ta jera ƙwai biyar a ciki da ƙullin daddawa, ta ɗaure da zare.

Bayan an sauko daga masallaci ta sa babban hijabinta ta ce in sa nawa. Na ce cikina yana ciwo. Ta ce zai daina a hanya, tana bukatar wanda ya iya karatun boko.

Taku goma ne daga ƙofarmu zuwa shagon. Kwalaye shida na gani an jera a bakin ƙofar gilashin, a ƙasa, ba wanda ya shiga da su. Ƙudaje sun fara taruwa. A tsallaken titi labulen soron Hajiya yana motsi. 'Yan benci suka daina hira.

Ciki da sanyi, ba kowa a kujerun. Mai shagon tana tsaye bayan kantar shagon, ta inda take ana ganin titi sarai, har da kwalayen. Idonta ya kumbura. Da ta ga abin da ke hannun Inna sai fuskarta ta ƙara ɗaurewa.

"Ajiye a kan sauran, Inna," in ji ta.

Inna ta yi kamar ba ta ji ba. Ta yi sallama, ta tambayi gajiya, ta tambayi baƙunta, ta tambayi mutanen Gammo, ta yi mata gaisuwar mijinta, har matar ta rasa yadda za ta yi ta fara amsawa. Sannan ta ɗora kwalin a kan kantar ta kwance zaren. Matar ta dubi ƙwan, ta dubi kwalin da ya karkace, ta taɓa shi.

"Wanke shi kika yi?"

"Bai fita sosai ba, ki yi haƙuri."

Matar ta sa bayan hannu a baki. Ban gane dariya take yi ko kuka ba. Ta ce, "Inna, yarwa ake yi."

"Mu nan ba ma yar da mazubin mutane," in ji Inna. "Zuwa na yi ki koya mini, 'yar nan. Ban taɓa ganin irin wannan girki ba. In ba damuwa, ina so in ga yadda ake yi tun daga farko."

A lokacin na gane dabarar. Ba a tambayar mace me ta zuba a abinci, amma ana roƙonta ta koya maka, kuma ba ta hanawa. Ina jin matar ma ta gane, domin ta daɗe tana kallon Inna kafin ta ɗaga katakon kantar ta ce mu shigo.

Kicin ɗin ƙarami ne. Ga tukunyar gas a lungu, ga wani akwatin ƙarfe mai zafi. Ta nuna mana fulawa da yis, kwaɓin kamar na fanke amma da tauri. Inna ta sa yatsa ta danna, ta shinshina. Ta buɗe kowane mazubi da ta gani, tana cewa "wannan fa, a wane lokaci ake sa shi?" Naman na saniya ne, in ji matar, daga mahautan kasuwa take saye, ita take niƙawa ta cura ta yanka. Inna ta tambayi wane mahauci, wai don ita ma ta riƙa saye a wurinsa. Matar ta faɗa. Inna ta san shi, ta san uwarsa.

Saura farin abun. Matar ta ciro shi daga firji, dunƙule a cikin leda mai rubutu, ta ce cuku ne, daga Kano ake kawo mata. Inna ta miƙo mini.

"Karanta. Da ƙarfi."

Rubutun ƙanana ne, na Turanci. Na karanta ina fassarawa: madarar shanu, gishiri. Sai na zo kan wata kalma da ban taɓa gani ba. Na so in tsallake ta, ba wanda zai sani. Na ce, "Akwai ɗaya da ban sani ba."

Inna ta juya ta dubi matar.

"Shi ne abin da ke sa madarar ta daskare," in ji ta.

"Kamar ruwan tsamin da ake sa wa awara?"

"Kamar haka."

"Daga me ake yin sa?"

Matar ta ce gaskiya ba ta sani ba, amma ta nuna wani ɗan tambari a gefe da rubutun Larabci. Wannan Inna ta karanta da kanta, an rubuta halal. Ta ce rubutu ai kowa ma yana iya yi. Ta juya ledar gaba da baya. Sannan ta ce a gasa ɗaya a gabanta.

Da ya fito Inna ta yi bisimilla a fili, ta gutsira, ta daɗe tana taunawa. Ni ma aka ba ni. Matar ta tsaya tana jira.

"An gode," in ji Inna. "Gurasar ta yi. Amma ba yaji, kuma gishirin cukun nan ya yi yawa."

Muka fito da garin fulawa a gaban hijabin Inna. Na nuna mata, ta ce in bar shi. A gida ta ɗumama ta jiya a kasko muka ci, Baba ya ci yanka uku yana cewa har yanzu bai yarda da abin ba.

Ranar Asabar Inna ta tashi da wuri, ta ɗaura tsohon zanen da take sawa in za ta tsaya a kan tukunya, ta fito da babban ludayinta ta jingine a bakin ƙofar ɗaki. Muna jin ana sauke itace a gidan Hajiya, muna jin daka. Duk wanda ya yi sallama sai ta ɗaga kai. Har rana ta take tsakar gida ba a aiko ba. Ta ɗauki ludayin ta mayar saman rumfa, ta canza zane.

Da la'asar muka je barka kamar kowane baƙo. Hajiya ta amsa gaisuwar tana kallon wani wuri. Aka ba mu tabarma kusa da ƙofa, aka kawo shinkafa. Inna ta ci loma ɗaya, na ga ta ɗan tsaya, sannan ta ci gaba da ci. Matan da ke gefenmu suka ɗan matsa. Can ɗaya daga cikinsu, wadda kwalinta yana cikin shidan nan, ta sunkuyo kamar za ta gyara goyonta.

"Yaya, tsakaninki da Allah, roba ce?"

"Ni ban ji roba ba," in ji Inna. "Amma akwai kalma ɗaya da yarinyar nan ba ta iya karantawa ba."