Tafiyar da Ta Mayar Mini da Sujjada

Mun tashi da asuba, ni da Ummata da yayana, tun kwaɗin bakin kanal ɗin ban ruwa ba su gama surutunsu ba. Ku da kuke ta tambaya ina na shige shiru, ga amsarku. Amma wanda ƙyanƙyami ke damunsa ya yi gaba tun yanzu, don ba zan yi ta kwana-kwana ba.

Taifot ce ta huda mini hanji. Aka yi mini aiki, aka fito da bakin ƙaramin hanjina ta gefen ciki na dama, aka manna jaka a kai. Duk abin da na ci, nan yake sauka. A asibiti sitoma suke ce wa wannan bakin hanjin, a gidanmu kuwa Tumatur ne sunansa, don ja ne jawur kuma ga sheƙi. Likita ya ce idan na yi ƙwari za a mayar da shi ciki. Na yarda. Abin da ban yarda da shi ba shi ne yoyo. A manna sabuwar jaka da safe, kafin la'asar ta ɗage ta gefe, abin da ke ciki ya biyo fata. Fatar wurin ta saluɓe, ta koma kamar an watsa mata ruwan barkono.

Mafi ciwo, a sallah abin ya fi kama ni. In tsaya lafiya, in yi ruku'u da ɗar-ɗar, ina kai goshi ƙasa sai in ji ɗumi yana bin cikina. Malamin unguwarmu ya ce wa Baba ni mai lalura ce, sallata ta yi, kada in sa wa raina damuwa. Na ji, na gode. Amma dai na koma sallah a kan kujera ina ɗan sunkuyar da kai kamar mai gyangyaɗi, kuma a ƙasan zuciyata wani tunani ya samu wurin zama: me ya sa sai a sujjada? Don haka da aka ce akwai wata Sista a babban asibiti a birni da ba ta da aiki sai na masu jaka, ban tsaya jin ƙarshen zancen ba.

Adaidaitar maƙwabcinmu ce ta ɗauke mu zuwa Kura. Na zauna a gefe, hannuna ɗaya a kan jakar ta ƙarƙashin hijabi. Tun daren jiya ban ci ba, ban sha ba, wai dabara na yi don kada ta cika a hanya. Ko yunwar ce, ko daɗewar da na yi ban leƙa waje ba, sai na ga komai yana iyo. Hanyar ta bi gefen kanal, ruwan yana tafiya tare da mu shiru, ya ɗauko sararin sama gaba ɗaya a bayansa. Shinkafar rani ta yi kore shar har inda ido ya gaji. Wani siririn tururi yana tashi daga fangalai, masu ban ruwa suna tsaye a ciki ba a ganin ƙafafunsu, kamar an dasa su ne su ma. Balbelu suka tashi a tare, farare tas, na ji kamar in na saki ƙarfen adaidaitar nan zan bi su. Nan aka haife ni, amma wallahi kamar ranar aka fara nuna mini wurin.

Ramin farko da adaidaitar ta faɗa ne ya dawo da ni duniya. Na ce wa mai adaidaita, “Malam, ba buhun albasa ka ɗauko ba.” Umma ta mintsine ni. Yayana ya yi kamar bai ji ba, yana ta leƙen gonakin mutane yana cewa wane ya cika ruwa, wane ya makara da dashe. Shi ko Makka aka kai shi sai ya duba yadda suke ban ruwa.

Kura ta riga mu tashi. Injinan shinkafa sun fara ruri, ɓuntu ya yi tsibi-tsibi a bayansu, an baza tamfol ana shanya turararriyar shinkafa, ƙamshinta ya cika gari. Mai shayi yana ɗaga kofi sama yana tsiyayowa, mai ƙosai tana tsamewa. Na kawar da kai. A tasha aka ce kuɗin mota ya ƙaru, kamar kullum, kuma kamar kullum man fetur aka ɗora wa laifi. Yayana ya roƙi direba aka bar mini gaba ni kaɗai don kada a matse ni. Wata mata a baya ta ce ’yan matan yanzu akwai son jiki. Na juya zan ba ta amsa, idon Umma ya tare ni.

Daga nan na jingina da gilashi na bar hanya ta yi ta wucewa. A Karfi masu masara suka yanyame motar, hayaƙin gashi ya shigo ta taga, yawuna ya tsinke. Motocin tumatur suka yi ta wuce mu da kwanduna har sama, suna ɗigar da ruwa ja a kan kwalta. A gadar Tamburawa kogin ya janye, ya bar yashi fari fat da ’yan tafkuna suna ƙyalli, masu ɗiban yashi sun zama ƙanana kamar tururuwa. Na lumshe ido. Na ga kaina ina tafiya a kan yashin nan ba jaka, ba ciwo, iska tana kaɗa mini riga. Hon ɗin motoci a Na'ibawa ne ya tashe ni, hannuna yana nan inda na bar shi.

Layin asibiti kun san shi, ba sai na ɓata bakina ba. Abin da ban zata ba shi ne yawanmu. Ga wani dattijo da babbar riga yana jan carbi, ga wata mai goyo, ga wata ’yar gayu da jakar hannu mai tsada, kowa hannunsa yana kai wa gefen ciki lokaci-lokaci. Ashe ba ni kaɗai ba ce mai wannan ɗabi'ar. Muka riƙa kallon juna muna ɗan murmushi kamar ’yan gari ɗaya da suka haɗu a baƙon wuri.

Sistar gajera ce, ba ta da hayaniya. Tana ɗaye jakar ta dubi fatar, ta dubi ramin da muka yanka a jikin jakar don Tumatur ya shiga, ta ce, “Wa yake yanka miki?” Umma ta buɗe jakarta da alfahari ta fito da ɗan ƙaramin kofin shayin Baba. Ranar da aka sallame mu, gindin kofin nan ya yi daidai da ramin da aka yanka mana, shi ya sa Umma ta ware shi, ta hana kowa shan shayi da shi. Kullum shi take kifawa ta zagaye da biro ta yanka.

Sista ta yi dariya har da dafa tebur. “Hajiya, kofin bai canza ba, ’yarki ce ta canza.” Ta ce bayan aiki bakin hanjin a kumbure yake, a hankali yake saɓewa ya ragu. Mu kuwa muna nan da ramin ranar farko, fata ta zauna a fili, abin da ke fitowa kuma kaifi gare shi, shi yake cin ta. Ta ɗauko wani kati mai huji manya da ƙanana ta yi ta gwadawa har ta samu wanda ya zauna wa Tumatur cif, bai shaƙe shi ba, bai bar fili ba. Kuma ashe ma ba zagayayye ba ne, ya ɗan yi tsawo kamar ƙwai.

Sai ta tambaye ni yaushe ya fi yoyo. Ni da ba a raba ni da magana, sai ga shi bakina ya yi nauyi. Da ƙyar na ce, “A sujjada.”

Ba ta yi mini wa'azi ba. Ta ja labule ta ce, “Tashi ki yi mini ruku'u.” Na yi. Ta ce in durƙusa kamar zan kai goshi ƙasa. Ta tsuguna ta leƙa, sannan ta kamo yatsana ta ɗora a gefen cikina. Na ji wani lanƙwasa, wata ’yar kwari da fata take yi idan na naɗe, wadda ba ta nan sam idan ina kwance. Mu kuma kullum a kwance ake manna mini jaka. “Ga ɓarauniyar hanyarki nan,” in ji ta. Abin da na kwana ina tuhumar kaina a kansa, na tashi ina tuhumar kaina a kansa, ashe ninkin fata ne da bai kai tsawon ɗan yatsa ba.

Ta wanke wurin da ruwa zalla, ta busar, ta barbaɗa wata hoda a inda ya saluɓe ta kaɗe ragowar. Ta ɗauko wani zobe mai laushi kamar cingam ta cike kwarin da shi. Ta sa ni na yanka ramin da hannuna, na ɓata na farko don gaggawa, ta miƙo mini wani. Ta ce in miƙe tsaye in ja fatar ta miƙe kafin in manna, in dafe da tafin hannu har gam ɗin ya ji ɗumi. Ta ce in riƙa sake aunawa, don zai iya ƙara raguwa. Da ta ji ban sha ruwa ba tun jiya kuwa, nan ne na ga faɗanta. Ta ce mai irin aikina ruwa yake zubarwa fiye da kowa, ƙishirwa na iya kayar da ni a titi. Ashe rabin mafarkin da na sha a hanya jiri ne. Masarar Karfi ma ta ce in haƙura da ita tukuna.

A bakin asibiti na zauna na ci shinkafa da miya, na sha ruwa kamar raƙumi. Da na ba yayana labarin zoben, sai ya ce, “To ai abin da nake yi kenan kullum. Kunyar fangali ta tsage, ka cusa laka.” Na ce masa ya yi mini shiru, cikina ba fangalinsa ba ne.

A dawowa, la'asar ta riske mu a hanyar kanal. Rana ta yi laushi, ruwan ya koma kalar zuma, masu dashe suna fitowa daga gona da taɓo har gwiwa. Yayana ya ce a tsaya a yi sallah. Da a yadda na saba ne, zama zan yi a cikin adaidaita in yi tawa da ka. Sai na ji ƙafafuna sun sauka da kansu. Na yi alwala, Umma ta shimfiɗa mini mayafinta a kan gaɓa ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro. Na yi kabbara. Na yi ruku'u. Sannan na tafi ƙasa.

Ƙasar da sanyi, tana ƙamshin ruwa da ciyawa. Na jira ɗumin nan da na sani. Na jira. Ba abin da na ji sai ruwa yana wucewa ta tiyo zuwa gonar wani, da wata balbela can nesa. Ban san iya daɗewar da na yi ba. Sai da Umma ta yi gyaran murya na tuna akwai sauran raka'o'i. Da na sallame na ga tana share ido da bakin zani, ta ce wai ƙwaro ne ya faɗa mata.

Mun shiga gida ana kiran magariba. Baba yana kan tabarma, goshina kawai ya kalla, inda ƙasar gaɓa ta manne. Ya ce, “Alhamdu lillahi.” Umma ta ɗauraye kofin nan na awo ta zuba masa shayi a ciki.

Abin da na koyo a tafiyar nan ba shi da yawa. Jiki yana canzawa, awon jiya ba lalle ya yi yau ba. In jaka tana miki yoyo, ba ƙazanta ba ce, ba kuma alamar an juya miki baya ba ce. Wani wuri ne bai zauna ba, ki je a duba, a zaune da a tsaye da a durƙushe. Kuma ki faɗi gaskiyar lokacin da abin yake faruwa, ko da kunya za ta kashe ki. Kujerar da nake sallah a kai na mayar da ita tsakar gida. Yanzu Umma ce take zama a kai tana yankan kuɓewa.