Amshin Gida na Bakwai

Duk wanda ya zauna a bayan unguwar Anbariyya ta Madina shekarun nan ya san Hajiya Sabuwa mai ƙosai, in bai gan ta ba hancinsa ya san ta. A Madina aka haife ta, amma kakanta da ƙafa ya tako daga Haɗeja, shekara tara yana hanya. Bakinta ba ya hutawa, in ba ciniki ba to waƙa.

Lungunsu gida goma sha ɗaya ne, kuma yana da waƙarsa ta biki, rabi Hausa rabi Larabci. Kowane gida da baitinsa: garin da kakanni suka taso, inda jakinsu ya mutu, wanda ya yi ta amai a jirgin ruwa. Sabuwa ke bayarwa tana kwaikwayon tafiyar, matan gidan su amsa. Gidan da bai amsa ba, nan waƙa take tsayawa. Haka aka gada.

Sai shekarar da ambaliya ta gangaro daga duwatsu ta cinye lungun. Ba a rasa rai ba, amma an watse. Shafa'atu ta gida na bakwai, abokiyar faɗan Sabuwa tun suna 'yan mata, ɗanta ya ɗauke ta sai garin Yanbu, ga ciwon ƙafa ya zaunar da ita. 'Yarta Fatna ce ta rage, ita kuwa ko gaisuwa da Larabci take mayarwa, balle baiti.

Da bikin jikar Sabuwa ya zo, ta tara matan a tsakar gidan aro bayan la'asar, ta jera su a tabarmi yadda gidajen suke a da. Aka kifa ƙwarya a ruwa, kiɗa ya tashi. Gida shida suka amsa ana shewa. Sabuwa ta ba da na bakwai, idonta a kan tabarmar da ba kowa.

Fatna ta taso, ta ajiye rikoda a tabarmar, ta danna.

Muryar Shafa'atu ta fito daga kaset, ta amsa baitin tsaf. Sannan ta yi tari ta ce, "Sabuwa, na san kin ja shi da yawa, halinki ne. Yalla, wuce na takwas, gidan Indo, kada ki tsaya mana kuka."

Dariya ta ɓarke. Daɗi ya kama Sabuwa har ta rasa inda za ta sa kanta. Ta goge ido da bakin mayafi.

"Ku ji min mata," in ji ta, "tana Yanbu ma ba ta ƙyale ni ba."

Ta gyara murya, ta ba da na takwas.