Ranar da Mira Sahib Ya Shiga Teku da Ka

Mira Sahib mutumin Kilakarai ne, wani gari na bakin teku, kuma tun yana ɗan shekara sha huɗu abincinsa a ƙarƙashin teku yake. Numfashi ɗaya yake ja, ya nutse, ya tsinto sangu, farar katantanwar nan mai kaurin dunƙulen hannu da ake yanka awarwaro da ita. In Allah ya haɗa shi da babban kifi a bakin ramin dutse, sai ya soke shi da mashin ƙarfen da ke maƙale a kugunsa, ranar gida a ci daɗi. Yanzu shekarunsa hamsin da bakwai. Ƙirjinsa faffaɗa ne kamar aro ya yi, ƙafafu kuwa kamar sillen kara. Mutum ne mai arhar dariya, har a wurin ta'aziyya sai an riƙa zungurinsa.

Duk tsawon shekarun nan da faranti yake iyo, kamar kowa a garin: faranti biyu na alminiyon, irin na cin shinkafa, a huda su a ɗaura musu madaurin silifa, a sa a ƙafa. In zai sauka sai ya zura babban yatsan ƙafa a zargen igiyar dutse, dutsen ya ja shi ƙasa yana tsaye ƙyam. In zai hau, ya yi ta taka ruwa da farantan, mai riƙe igiyar kugunsa yana ja daga sama.

Igiyar kugu kuwa ba kowa ake ba wa ba, sai ɗan'uwan matar mutum, don wanda zai koma gida ya haɗa ido da 'yar'uwarsa ba ya gyangyaɗi a bakin jirgi. Na Mira shi ne Sikkandar, ƙanen matarsa Sulaiha, wani ƙato mai tumbi da surutu. Shekara talatin da huɗu suna tare, kowa na kiran ɗan'uwansa maccan, wato suruki, suna faɗa a kan shayi da a kan wanda ya fi tsufa.

Bana ne abu ya canza. Mai jirgin da suke bi, Kadar Basha, ya tare su a bakin gaɓa yana sosa ƙeya.

"Yaya Mira, ka san sangu ya ƙare a ruwa mara zurfi. Bana gaba goma sha biyu za mu. Bara a gaba tara ma ka fito leɓenka ya yi shuɗi."

"Sanyi ne."

"A watan zafi? Ranar Asabar za mu fita gwaji. In ka taɓo ƙasa ka kawo min sangu, wurinku na nan. In ba haka ba, akwai masu jira."

Wurinku ya ce, don in mai nutso ya sauka daga jirgi, mai igiyarsa ma ya sauka.

Labari ya kai kunnen 'yarsu Rahmat, da ke aikin jinya a Maskat. Ta turo bidiyon wani mutum sanye da dogayen filafilai baƙaƙe a ƙafa, kaɗawa uku ya wuce kamar kifi. Ta ce na kabon ne, wani abu mai ƙwari mara nauyi, ta riga ta yi magana da wani shago a Rameswaram, Baba ya je ya zaɓa kawai. Mira ya kalli bidiyon nan ya fi sau ashirin. Ya kalla a kan tabarma, ya kalla a shagon mai shayi, ya nuna wa liman. Sulaiha ta kama shi a tsakar gida kwance rub da ciki yana kaɗa ƙafafu.

"Baban Rahmat, lafiya?"

"Atisaye nake."

"To ka matsa, a kan busasshen kifina kake atisayen."

Ranar Talata suka hau bas, shi da Sikkandar, ya sa farar rigarsa ta Idi. Mai shagon wata matashiya ce, Kabita, mai koyar da baƙi nutso. Ta shimfiɗa musu filafilai kashi uku a kan tebur, kowanne ya kusa kai masa kugu. Mira ya ɗauki ɗaya da hannu biyu, ya shirya wa nauyi, sai hannunsa ya tashi sama fiu. Ya fashe da dariya.

"Maccan, riƙe ka ji! Babu komai a ciki!"

Ya ƙwanƙwasa shi da gaɓar yatsa ya kara a kunne, yadda ake gwada faranti a kasuwa. Ya shinshina. Ya ɗaga shi a rana yana kallon saƙar da ke jikinsa, ƙanana-ƙanana kamar ta tabarmar aljanu.

Kabita ta ce, "Baba, duk tsawonsu ɗaya, tauri ne ya bambanta. Wannan mai laushi ne, wannan matsakaici, wannan mai tauri." Ta lanƙwasa mai laushin har bakinsa ya kusa taɓa dunduniya, ta sake shi ya miƙe da kansa. "Mai tauri sai mai cinya kamar turmi. Ku kuwa..." Ta dubi ƙafafunsa.

"Faɗi, 'yata, kada ki ji kunya," in ji Sikkandar. "Ƙafar zalɓe."

"Ni mai taurin nake so," in ji Mira. A wurinsa maganar ba ta buƙatar shawara. Farantin kirki shi ne wanda ba ya lanƙwasa, wanda ya lanƙwasa kuwa sai a ba kaji ruwa a ciki. "Wancan lagwanin ku ajiye wa masu yawon buɗe ido."

"Baba, zai murɗe muku jijiya tun ba ku kai rabi ba."

"Shekara arba'in da uku, 'yata. Lokacin da na fara, ko mahaifiyarki ba ta yi haƙori ba."

Ya zura ƙafa a mai taurin, ya yi taku biyu ya kusa kifar da tulin tabarau na nutso, ya tsaya gaban madubi yana juyi, bakinsa har kunne. Sikkandar ne bai yi dariya ba. Ya ɗauki mai laushin ya ajiye a gaban Kabita.

"Wannan za ki naɗe mana."

"Kai a wa? Ƙafarka ce?"

"Igiyata ce. Wa ya zaɓi igiyar da ke kugunka? Wa ya zaɓi dutsen? Duk abin da zai sauka da kai, ni Yaya Sulaiha za ta tambaya." Ya sassauta murya. "Maccan, shekara uku ke nan ina jin ƙafarka ta hagu a hannuna. In kana hawowa igiya takan yi fizga ɗaya mai ƙarfi, ɗaya raguwa. Ban gaya wa kowa ba, ƙara ja kawai nake yi."

Mira ya tsaya da baki buɗe. Shi a zatonsa ciwon gwiwar nan daga shi sai Allah. Ya dubi madubi, ya dubi mai taurin da ya yi masa kyau haka, ya yi ajiyar zuciya.

"To ai sai ka faɗa tun a bas, da ban ɓata wa yarinya lokaci ba."

Kabita ta auna masa ƙafa, ta ba shi safar roba don kada takalmin ya goge masa dunduniya. Ta ja masa kunne da abu uku: kada ya tsaya a kansu a kan dutse, ya kaɗa daga kugu a hankali, kuma ya shiga ruwa da ka, ƙafa a sama. Ta ce ya gwada su kwana biyu a bakin gaɓa. Ya ce to, to, to. A bas ya ba filafilan kujerar taga, shi ya zauna a gefe yana gaya wa duk wanda ya shigo ko mene ne.

Gwajin bakin gaɓa dai ba a yi shi ba. Yashi zai karce su, in ji Mira. Ya naɗe su a sabon zani ya ɗora a kan kabad, maƙwabta suna zuwa kallo, mai son taɓawa sai ya wanke hannu.

Ranar Asabar da hantsi jirgi ya tsaya, Kadar Basha ya saki ma'auni, ƙulli goma sha biyu suka shige ruwa. Sauran masu nutso biyar suka fasa shiri suka zagaye Mira. Ya zauna a bakin jirgi, ya miƙa ƙafa zai zura yatsa a zargen dutse, sai ya ga babu yatsa. Yatsun duk suna cikin takalmi. Aka kwashe da dariya. Ya rungumi dutsen a ciki, ya yi bismillah, jikinsa ya yi abin da ya saba shekara arba'in da uku: ya dira a tsaye.

Filafilan suka buɗe a ƙarƙashinsa kamar lema. Ɗaya ya yi gabas, ɗaya ya yi yamma, dutse ya ja tsakiya. Daga sama abin da aka gani shi ne mutum yana juyawa, sai gindi, sai baƙin filafili yana kaɗawa a iska. Sikkandar ya jawo shi yana tari, tabarau a goshi.

"Yaya Mira, wannan rawar a Rameswaram aka koya maka?"

"Ku ba shi faranti, jama'a, ko na tuwo ne!"

Shi ma dariyar yake yi, ruwa na fita ta hanci. Amma da ya ɗaga kai ya ga Kadar Basha yana kallon agogo, sai ya daina dariyar. Sikkandar ya sunkuyo har tumbinsa ya danne bakin jirgi.

"Da ka ta ce, maccan. Miƙa dutsen gaba, ka bi shi. Ina riƙe da kai."

Mira ya kwanta a kan ruwa ya huta har bugun zuciyarsa ya lafa. A garinsu ba a shiga teku da ka, sai wanda ya faɗa. Ya ja numfashi, ya miƙa hannu da dutse, ya kifa kai ƙasa. Ƙafafunsa suka tashi sama, suka bi shi.

Ya kaɗa sau ɗaya daga kugu. Ruwa ya tsage. Ya sake kaɗawa, ya ji kamar wani ne ke tura shi ta baya da tafin hannu, gwiwar hagu ko motsi ba ta yi ba. Bai taɓa ganin ƙasan teku yana tahowa ta fuska ba, kullum ta ƙafa yake jin isowarsa. Ga yashi, ga ciyawa, ga wani ɗan kifi ya tsaya yana kallonsa. Ya saki dutse, ya shafa yashin da hannu, ƙirjinsa cike da iska kamar bai taso ba. Daɗi ya kama shi. Ya yi zagaye ɗaya, ya yi na biyu don kawai ya iya, sannan ya juya ya nufi haske.

Sikkandar ya ji alama a igiya ya tattara ƙarfinsa ya fizga, irin fizgar da ya saba yi wa mai raguwar ƙafa. Babu kowa a igiyar, Mira ya riga ta hawowa. Ƙaton ya tafi da baya ya zauna daɓas cikin kwandon abincin rana.

Mira ya ɓullo yana ihu. "Na taɓo! Wallahi na taɓo! Har da zagaye!"

"Ina sangun?" in ji Kadar Basha.

Mira ya dubi hannun dama, ya dubi na hagu, ya leƙa jakar kugunsa.

"Na manta."

Har Kadar Basha sai da ya riƙe ciki. Sikkandar na kakkaɓe shinkafa daga zaninsa yana cewa a shaida, shi bai san wannan mutumin ba. Aka jawo dutse, Mira ya huta, ya sake kifa kai. Wannan karon da ya fito sangu biyu ne a jakarsa, kuma leɓensa na nan da launinsa. Kadar Basha ya juya su a hannu, ya jefa cikin buhu.

"Litinin bayan asuba, ku biyun. Ku kuma me kuke kallo? Ku shiga ruwa, rana na yi."