Kwamfutar Jama'a Ce, In Ji Lurleen

Ranar Talata, sha huɗu ga Maris, matar fasto ta zo ta gaya mini kin rasu, Lurleen Pettway. Zuciya ce, aka ce. Ita ce ke rubuta mini wannan da biro, don ni Ozella ban yi makaranta ba, kuma na daina yarda da na'ura.

Shekara ashirin da biyu ina share ofishin ƙaramar hukumarmu, ke kina kan teburin ajiye takardu. Ba ki taɓa wuce bokitina ba ki gaishe ni ba. Da maigidana ya mutu, ke kika cika mini kicin da soyayyar kaza da burodin masara. Duk wasiƙar da ta zo mini, ke kike karantawa. Ki ce, “Mama Ozella, wannan ba wasiƙar soyayya ba ce, likitan haƙori ne ke nemanki.”

Abu ɗaya kike hana ni. In na ce ki buga mini saƙo a kwamfutar ofis, sai ki ce, “Mama, ba tawa ba ce, ta jama'a ce. Abin da ya shiga cikinta, kowa na iya cike takarda ya ce a ba shi.”

Bara, sai ga 'yata Renita ta gudu daga hannun mijinta Curtis, da karyayyen hannu da yara biyu. Wata uku ba labari. Ranar da na ji ta kai wajen wata ƙawarta, na tsaya kanki ina kuka da tsintsiya a hannu. Kika ce in bari a tashi aiki mu je gida. Na ce ba zan iya kai yamma ba. Kika buga. Renita ta amsa, har da sunan gari da lambar gida.

Ni na sa ki, Lurleen. Ina so mutane su sani.

Duk garin nan an san wa ke mini rubutu. Curtis ya zo da sabuwar hula ya cike takarda, yana neman dukan saƙonninki na bara. A hannunki ya miƙa, yana murmushi.

Kika same ni a gida kika gaya mini, ko zama ba ki yi ba. Na ce, “Goge shi mana, yarinya! Wa zai sani?”

Kika ce, “Na rantse kan aikin nan, Mama. In na goge naki yau, gobe wani babba zai sa in goge nasa. Lauyan hukuma zai duba, wataƙila ya cire, wataƙila ya bari. Ki ce wa Renita ta tashi daga can. Kuma kada ta faɗa miki inda za ta.”

Na zage ki ranar. Kika bar mini kuɗin motarsu ƙarƙashin kwanon sukari.

Juma'a mai zuwa za a ba Curtis amsa. A jana'izarki ya zauna kujerar baya, ni yake kallo. Tun ranar, motarsa kan wuce ƙofata a hankali. In ya tsaya ya tambaye ni, ba abin da zan faɗa, don wallahi ban san inda 'yata take ba. Wannan kika bar mini. Yana da ɗaci, amma shi ke tsare ta.

Ubangiji Ya ji ƙanki, Ya yafe mini zagin nan. Ya ba mijinki Alton da 'ya'yanki haƙuri. Ya rufe hanyar Renita daga idon mai nemanta.